Ku Tambayi Akawu: Wa Ya Ba Da Izinin Cire Wannan Kuɗi?

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowar, duka daga Sakkwato, kuma duka kan kuɗin manhajojin da ake aiki da su a shago da ofis. Shekarun da na yi ina riƙe wa 'yan kasuwa littafin kuɗi a garin nan sun nuna mini cewa wannan ƙofa ce da kuɗi ke zurarewa ba a jin motsinsu. Na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Akawu. Ina sarin taki da irin shuka da maganin feshi. Babban sitona yana kusa da Babbar Kasuwa, ina da reshe a Illela da wani a Goronyo, yarana goma sha huɗu. Ɗan ƙanena da ya ƙare jami'a ya shigo mana da aikin kwamfuta, kuma gaskiya aiki ya yi sauƙi. To amma 'yan watannin nan kusan kowane mako sai alat ya shigo an cire kuɗɗi da sunan wani kamfani na waje, yau dubu tara, gobe dubu talatin da wani abu. In na tambaya, wanga ya ce wancan ne, wancan ya ce bai sani ba. Na yi niyyar in je banki in toshe katin, in hana kowa sayen komi. Mi ka gani?
Wani Alhaji, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah shi ƙara buɗi. Kada ka toshe katin tukuna. A cikin waɗannan kuɗin da ake cirewa akwai yiwuwar akwai na imel ɗin kasuwancinka, ko na manhajar da ke riƙe da lissafin kayan sito. Idan biya ya tsaya, kamfanin zai dakatar da ita, sai ka wayi gari ana tsakiyar sayen taki yaronka na Goronyo ba ya iya ganin buhu nawa ya rage. A fara ƙirga, sannan a toshe abin da ya cancanci toshewa.

Abin da ya sa lamarin ya ruɗa ka shi ne ka saba da saye, su kuwa waɗannan abubuwa haya ce. In ka amince a sayi babur na kai kaya, sau ɗaya ka ce "to", sau ɗaya kuɗi suka fita, ga babur a ƙofar sito kana ganinsa. Manhajoji irin su Microsoft 365 da Google Workspace da Zoom da Canva kuwa ana biyansu wata-wata ko shekara-shekara, yawanci bisa yawan mutanen da aka buɗe wa, kuma in lokaci ya cika da kansu suke ɗaukar kuɗin daga katin da aka saka, ba sa sake tambayar kowa. Wasu ma da gwaji na kyauta ake fara su, na mako ɗaya ko wata ɗaya, amma sai an saka lambar kati. Yaro ya gwada, ya manta, gwaji ya ƙare, haya ta fara. Wannan "to" ɗin da ka faɗa sau ɗaya, ko wanda ma ba ka san an faɗa a madadinka ba, shi ke ta maimaita kansa kowane wata.

Sai kuma dala. Da yawa daga cikinsu da dala aka yanka farashinsu. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Bayan an saki naira a watan Yuni na wannan shekarar, a watan Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500. Ke nan abin dala goma da aka amince da shi yana naira 4,600 ya haura naira 15,000, ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da manyan kamfanonin waje ke ɗorawa a kan kuɗin masu biya daga Najeriya.

Ga abin da za ka yi a wannan makon. Ka nemi sitatimen na asusun da katin ke kai, na wata goma sha biyu cif. Na wata uku ba zai isa ba, domin masu biyan shekara sau ɗaya suke leƙowa. Ka samu jan biro ka ja layi ƙarƙashin duk sunan da ya maimaita kansa da duk sunan da ba ka gane ba. Sannan ka tara yaran bayan La'asar, na rassa su shigo ta waya. Ka sanar da su tun farko cewa zaman na ƙirga ne, babu wanda za a kora a kansa. Na faɗi haka ne domin in suka ji tsoro za su ɓoye, kai kuma gaskiya kake nema. Kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, Alhaji: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kati aka miƙa musu ba a haɗa shi da ƙa'ida ba.

Kowane suna a takardar, a tambayi wa ke aiki da shi, wane aiki yake yi, yaushe rabon da a buɗe shi. A wani wurin da na taɓa riƙe wa lissafi, da muka yi irin wannan zama mun tarar muna biyan kujerun mutum tara a wata manhaja alhali huɗu daga cikinsu sun daɗe da barin aiki. Mun kuma tarar da manhajoji biyu masu aiki iri ɗaya, sashen saye na da tasa, sashen sayarwa na da tasa, kowa bai san da ta ɗan'uwansa ba. Babu wanda ya ci ko kwabo, amma kuɗin sun tafi.

Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe sai ya shiga littafi. Ko littafi mai kauri irin na bashi, ko shafin Google Sheets, duk ɗaya ne, muddin guda ɗaya ne kuma a hannun mutum ɗaya yake. Kowace manhaja layi ɗaya: sunanta, mutum nawa ke ciki, nawa ake biya, da naira ko da dala, ranar da take sabunta kanta, da wane imel aka buɗe ta, sannan sunan mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kanta. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci. Manhajar da aka ce "ta ofis ce" ba ta da mai kashe ta.

Yanzu batun izini. Ban goyi bayan a hana kowa sayen komai ba, domin yaran za su koma saye a ɓoye da katunansu, lissafin kasuwancinka ya warwatsu a wayoyin mutane. Ban kuma goyi bayan komai ƙanƙantarsa sai an jira ka ba, kai da yau kana Illela gobe kana Kano. Ka yanka iyaka, kuma ka yanka ta da kuɗin shekara. In yaro ya ce maka "dala goma sha biyu ce kawai", ka ce masa ya ninka. Dala 12 sau mutum 5 sau wata 12 dala 720 ke nan. A ce dala tana naira 1,500, ya zama naira 1,080,000, in aka ɗora VAT ya kai 1,161,000. Ka ga maganar da ta shigo da "kawai" ta fita da miliyan. Abin da bai kai, a misali, naira dubu ɗari a shekara ba, manajanka ya sa hannu ya sanar da kai a ƙarshen wata. Abin da ya haura, sai kai. Duk kuma manhajar da za a zuba sunayen abokan ciniki ko lissafin bashi a cikinta, ko da kyauta ce, sai da saninka, domin abin da ake bayarwa a nan ya fi kuɗi tsada.

Mai nema ba ya amince wa kansa. Wannan ya haɗa da ɗan ƙanenka. Na san nauyin abin, ɗa ne, kuma shi ya fi kowa sanin kwamfuta a gidan. To shi ya ba da shawara, wani ya sa hannu, kashiya ya biya. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa, domin ranar da lissafi ya ƙi daidaita sunansa za a fara kira. A kuma rubuta, ko da layi biyar ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma da muminai take magana. Saboda haka in wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ka san amsar da za ka ba shi.

Daga nan ka buɗe ƙaramin asusu daban mai katinsa, ka riƙa zuba masa daidai jimillar da littafi ya nuna a farkon kowane wata, da ɗan ƙari saboda motsin dala. A mayar da duk manhajojin kansa. Sai a nan ne za ka je banki ka canza tsohon katin. Katin babban asusu, wanda kuɗin tirelar taki ke shiga, kada lambarsa ta sake shiga intanet.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ka riƙe: kowane izini ka ba shi ranar ƙarewa. Kwana talatin kafin ranar sabuntawa, mai riƙe da littafi ya tambayi mai manhajar ko har yanzu ana bukatarta, kuma mutum nawa. In ba amsa, a kashe. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in kuɗin shekara sun riga sun fita, dawo da su yana da wuya. Sana'arka ta lokaci ce, akwai cunkoson damina, akwai na noman rani a Goronyo, akwai kuma watannin da sito ke shiru. Biyan shekara ya fi araha amma yana ɗaure ka, don haka ka bar shi ga imel da manhajar lissafi waɗanda ba ka rabuwa da su. Yaran da kake ɗauka na wucin gadi a lokacin cunkoso, a buɗe musu ta wata-wata, a rufe in sun tafi.

TAMBAYA: Malam, ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Arkilla, kuma ina koyar da aji biyu. Ni ke tsara takardun sanarwa da katin gayyata da takardar sakamako. Wata biyar ke nan ina biyan wata manhajar zane daga albashina. Na faɗa wa Hajiya mai makaranta sau uku, kullum sai ta ce bari a gama jarabawa. Ina jin nauyin sake magana. Yaya zan yi?
Wata malama, Arkilla

AMSA: Ƙanwata, Allah ya saka miki, amma ki daina biya. Albashinki na gidanku ne. Kuma muddin takardu na fitowa da kyau a kan kari, Hajiya ba za ta ga akwai matsala ba, domin kin rufe matsalar da aljihunki.

Kafin ranar biya ta gaba ki sauke duk ayyukan makaranta da ke ciki ki adana su a kwamfutar ofis. Sannan ki duba ko aikin zai yiwu ba da kuɗi ba. Manhajar zane ta Canva tana da sashe na kyauta, tana kuma da tsari na musamman kyauta ga malaman firamare da sakandare da aka tantance, ki duba ko kun cancanta. Mai neman izini da ya riga ya gwada na kyauta maganarsa ta fi nauyi.

In kin ga lallai sai mai kuɗin, ki bar faɗa da baki a bakin ofis lokacin da iyaye ke jiran ta. Ki rubuta rabin shafi. Ki faɗi aikin da take yi, ki haɗa da takarda biyu da kika tsara da ita. Ki faɗi kuɗinta na zango ɗaya da na shekara da naira. Ki faɗi abin da makaranta za ta biya in da waje ake kai wannan aiki, kin san farashin masu buga takardu. Ki nemi a gwada zango ɗaya kawai, da imel ɗin makaranta da katin makaranta. Ki rufe da cewa biyan da ke kai zai ƙare ranar kaza, kuma daga ranar za ki koma ta kyauta har sai ta yanke shawara. Wannan ba rashin ladabi ba ne, sanarwa ce. Ki kai mata da kanki da safe, ki gaishe ta, ki ajiye.

Kuɗin wata biyar da kika kashe kuwa, kada ki cakuɗa shi da wannan takarda. Tunda ba da izininta kika fara ba, roƙo ne, ba bashin da za ki bi ba. Ki ajiye rasit ɗin, in ta amince da manhajar sai ki kawo maganar daga baya.

Ina da magana ga Hajiya da ire-irenta, in Allah ya sa suka karanta. Ma'aikacin da ya kawo bukata ya cancanci amsa cikin kwana uku na aiki, ko "na amince", ko "a'a, saboda kaza". Ƙin amincewa ba laifi ba ne, kuɗinki ne. "Bari mu gani" na wata biyar ne ke ɓata zuciyar mutumin kirki, kuma shi ke koya wa ma'aikata su daina tambaya.

TAMBAYA: Ina da kemis a Mabera. Yaron da ya buɗe mana manhajar lissafin magani da na masu bashi ya samu aiki a Kaduna ya tafi. Ashe da imel ɗinsa da lambar wayarsa ya buɗe. Ni ke biya, amma in za mu shiga a sabuwar waya lambar sirri wurinsa take zuwa. Ba mu rabu da daɗi sosai ba. Ina mafita?
Wani mai kemis, Mabera

AMSA: Ɗan'uwa, hanya mafi kusa ita ce shi yaron. Yawancin manhajojin kasuwanci suna ba wanda ya buɗe su damar ƙara wani a matsayin shugaba ko ya canza imel da lambar waya, aikin minti goma ne in ya yarda. Ka kira shi da kanka cikin mutunci. In akwai haƙƙinsa da ya rage a hannunka, ka biya shi kafin ka buɗe baki. In ya ƙi ɗaukar waya, ka san gidansu, ka je wurin mahaifinsa ko wansa. A Sakkwato irin wannan magana ta fi saurin warwarewa a zaure. Kafin nan, in akwai na'urar da har yanzu take buɗe, yau ɗin nan ka sauke jerin magunguna da na masu bashi ka buga a takarda. In duk wannan bai yi ba, sai ka rubuta wa kamfanin, ka haɗa da takardar rajistar kasuwancinka da shaidar cewa daga asusunka ake biya. Wannan hanya tana cin lokaci kuma ba kullum take kai wa ga nasara ba.

Kada ka ɗora wa yaron laifin duka. Daga 2022 bankuna da dama suka hana biyan kuɗin waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 suka fara buɗewa. A tsakanin nan matasa da yawa sun yi amfani da katunan dala na intanet da imel ɗinsu don aikin iyayen gidansu ya tafi, shi ya sa manhajoji da yawa suka maƙale da sunayen mutane.

Daga yanzu ka buɗe imel na kemis, ka sayi layin waya na kemis wanda ke kwana a aljihun teburinka, komai da su za a buɗe. Ranar da ma'aikaci zai tafi, yadda kake karɓar makullin shago haka za ka cire sunansa daga kowace manhaja ka canza kalmar sirri, kafin ka ba shi kuɗin sallama. Ka kuma sani cewa tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Sunan wanda ke karɓar maganin hawan jini bashi a wurinka amana ce a wuyanka, bai kamata ta zauna a wayar wanda ya bar aiki ba.

TAMBAYA: Ni manaja ne. Maigidana yakan amince da abu da baki, a ƙofar masallaci ko a cikin mota, in alat ya shigo kuma sai ya ce bai tuna ba. Ba ya karanta boko sosai, fom ba zai yi aiki da shi ba.
Wani manaja, Runjin Sambo

AMSA: Malam, ba musun ka yake yi ba, mutum ne mai abubuwa da yawa a ka. Da zarar kun rabu ka aika masa saƙon murya ta WhatsApp: "Ranka shi daɗe, kamar yadda muka yi magana bayan Azahar, manhaja kaza, ta mutum uku, naira kaza kowane wata, naira kaza a shekara, za mu sake dubawa bayan Sallah babba. In biya?" Kada ka biya sai ya maido da murya ya ce ka biya. Ka adana muryar, ka rubuta ranarta a littafi kusa da sunan manhajar. In da ajami ya fi sakewa, ka rubuta masa layin da ajami ya sa hannu a ƙasa, ya wadatar. Ranar ɗaya ga kowane wata kuma, kafin alat ya fara shigowa, ka zauna kusa da shi ka karanta masa jerin abin da za a cire da jimillarsa.